Wanda Ya Je Jamus Karatu, Ya Karanta Jamus

Ka tsaya a tasha ko a majalisar bakin titi ka tambayi mutane abin da suka sani game da Jamus, amsar ba za ta wuce biyar ko shida ba. Direba zai ce maka Marsandi, ya ƙara da labarin wata roka da ta tsufa tana dako tsakanin Kano da Legas. Ɗan kwangila zai ce Julius Berger da gadar Eko. Samari za su ce Bayern Munich. Dattijo mai rediyo a kunne zai ce Muryar Jamus, wadda take magana da Hausa tun 1963. Tela zai ce gezna, ko da yake ita wannan shadda a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya ake saƙa ta, maƙwabta ne masu harshe ɗaya. Sai kuma Hitila, wanda har yau akan laƙaba wa yaro mai taurin kai sunansa ana dariya.

Da wannan ɗan guzurin yawancin ɗalibanmu suke hawa jirgi. Abin da ke jan su a fili yake. Galibin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin makaranta, sai 'yan ɗaruruwan Yuro na hidimar zangon karatu, in ka cire wurare irin jihar Baden-Württemberg da ta ɗora wa waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba Yuro 1,500 a kowane zango tun 2017. Wahalar tana wajen biza, inda ake son ka nuna kusan Yuro 12,000 a asusun da za a kulle, a riƙa sakar maka kaɗan-kaɗan duk wata, sai fa in ka dace da tallafin hukumar DAAD. Ga kuma darussan digiri na biyu masu yawa da ake koyarwa da Ingilishi, kuma wannan sauƙin shi ne tarkon. Yaro zai shekara biyu yana safa da marwa tsakanin ɗakin gwaji da ɗakin kwana, da shagon Baturke mai naman halal, da masallacin Juma'a, da aikin dare a sito. Zai dawo da takardar shaida mai kyau, amma ƙasar da ya zauna a cikinta sanin shanu ya yi mata. A ganina ya baro rabin abin da ke can na ɗauka, kuma rabin da ya fi tsada.

Abin da ake koya wa sababbin ɗalibai da sunan al'adar Jamusawa ba ya cin mako biyu. Ka rarraba shara, takarda daban, roba daban, kwalba daban. Ka mayar da gorar ruwa shago a ba ka santi 25. Ranar Lahadi shaguna a rufe suke, kuma in ƙarfe goma na dare ta yi ka rage murya, don maƙwabci ba zai ji nauyin ƙwanƙwasa maka ƙofa ba. Ka yi rajista a ofishin gari cikin mako biyu da tarewa. Kada ka makara, ko da yake su ma sama da kashi ɗaya cikin uku na jiragen ƙasansu masu dogon zango sun makara a 2024, don haka a rage zuzutawa. Duk wannan yana da amfani, zai hana ka cin tara da harara.

Amma ɗalibi na gaske yakan tambayi dalili. Me ya sa Bajamushe yake tayar da hankalinsa in farashi ya ɗan motsa, yake son tsabar kuɗi a aljihu? Kakanninsa sun ga watan Nuwamban 1923, lokacin da dalar Amurka ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2, ajiyar da mutum ya yi tsawon rayuwarsa ba ta sayen burodi. Me ya sa yake ɓata rai in ka ɗauki hotonsa ko na gidansa ba izini, yake ta nacin kada a taɓa bayanansa? Ƙasarsa ta ɗanɗani 'yan sandan ciki iri biyu a ƙarni guda, Gestapo ta 'yan Nazi da Stasi ta Jamus ta Gabas. Da aka buɗe takardun Stasi a 1992, akwai waɗanda suka gano cewa aminin da suke ci tare, wata ma mijin da suke kwana ɗaki ɗaya, shi ne mai kai rahotonsu. Me ya sa jihohi 16 kowace take da 'yan sandanta da manhajar makarantunta? Sai a 1871 Bismarck ya ɗinke masarautu da birane masu cin gashin kansu suka zama ƙasa ɗaya, kuma bayan 1945 da gangan aka sake rarraba iko, don an ga abin da ya faru da aka tara shi a hannun mutum guda.

Ko tambayar addini da ake yi maka a takardar rajista tana da tushe. Gwamnati ce take karɓar wa manyan coci-coci haraji daga albashin mabiyansu. Kafin a kai ga wannan zaman lafiyar an zubar da jini mai yawa. Martin Luther ya ƙalubalanci fadar Paparoma daga Wittenberg a 1517, ƙasa ta rabu tsakanin Katolika da Furotesta, sannan daga 1618 zuwa 1648 aka yi yaƙin shekara talatin, wanda addini ya kunna, son mulki ya hura, har wasu yankuna suka rasa rabin mutanensu. Da aka zo sulhu ma tawagogin ba su zauna gari ɗaya ba, wasu a Münster, wasu a Osnabrück. Wanda ya fito daga ƙasar da rikicin addini ke ƙona kasuwanni, ba sai an gaya masa dalilin karanta wannan babin ba.

Babin da nake son a fi daɗewa a kansa shi ne na 1933, saboda yana rushe wani zato da muka ginu a kai, cewa da zarar ilimin boko ya yawaita dabbanci zai gudu da kansa. Jamus ta wancan lokacin ita ce kan gaba a duniya wajen kimiyya. Ƙasar Max Planck ce da Albert Einstein da Robert Koch wanda ya gano ƙwayar cutar tarin fuka. Kuma Hitila bai hau mulki da bindiga ba. Ya gwada juyin mulki a Munich a 1923, ya faɗi, aka ɗaure shi. A zaɓen 1928 jam'iyyarsa ba ta kai kashi 3 cikin ɗari ba. Sai tattalin arzikin duniya ya karye, marasa aiki a Jamus suka kai miliyan shida, ya samu masu saurare da kuma waɗanda zai ɗora wa laifi. A Yulin 1932 ya ci kashi 37, a Nuwamba ya sauko zuwa 33, bai taɓa samun rinjaye a zaɓe na gaskiya ba. Manyan 'yan mazan jiya irin su Franz von Papen ne suka lallaɓa shugaban ƙasa Hindenburg ya naɗa shi shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairun 1933, suna ganin za su juya shi yadda suke so. Ƙarshen Fabrairu aka ƙona ginin majalisa, aka kama 'yan gurguzu, a Maris majalisar ta miƙa masa ikon yin doka ba tare da ita ba, 'yan jam'iyyar SPD kaɗai suka ƙi. Kafin ƙarshen Yuli jam'iyya ɗaya ta rage a ƙasar. Wata shida kacal.

Su wa suka ƙona littattafai a dandalin da ke gaban jami'ar Berlin ranar 10 ga Mayun 1933? Ƙungiyar ɗalibai ce ta shirya, malamai na kallo, wasunsu na tafi. Kusan rabin likitocin ƙasar sun yanki katin jam'iyyar Nazi. A taron Wannsee na Janairun 1942, inda aka tsara yadda za a gudanar da kisan ƙare dangi na Yahudawan Turai, mutum goma sha biyar ne suka zauna, takwas masu digirin dakta ne. Garin Weimar, inda Goethe da Schiller suka rayu suka yi rubutu, kilomita takwas ne tsakaninsa da sansanin gwale-gwale na Buchenwald, inda mutum kimanin 56,000 suka mutu. Ɗalibi zai iya ziyartar wuraren biyu a wuni ɗaya, kuma ya kamata ya yi. Sai dai a cikin ɗaliban akwai irin su Sophie Scholl da yayanta Hans, da suka riƙa watsa takardun adawa a jami'ar Munich. Ma'aikacin jami'ar ne ya gan su ya tona, aka fille musu kai ranar 22 ga Fabrairun 1943, kwana huɗu da kama su. Shekararta 21. Dandalin da ke ƙofar jami'ar yau sunansu yake amsawa.

A nan zan ɗan tsaya da masu yaba Hitila a cikinmu, don suna nan, wasu don burgewar ƙarfi, wasu don jin haushin Isra'ila. A ma'aunin Hitila baƙar fata yana can ƙasan tsani. A 1937 gwamnatinsa ta tattara ɗaruruwan yaran da sojojin Afirka na rundunar Faransa suka haifa da matan yankin kogin Rhine, aka yi musu aikin hana haihuwa da ƙarfin tsiya. A Yunin 1940, da sojojin Jamus suka mamaye Faransa, a wurare da dama sun riƙa ware baƙaƙen fursunoni daga farare suna harbewa. Akwai maƙabartarsu a Chasselay kusa da Lyon, kuma daga ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka aka ɗebo su. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Yahudawa miliyan shida aka kashe, da Sinti da Roma, da naƙasassu, da miliyoyin fursunonin yaƙi na Tarayyar Sobiyat. Sannan ɗalibi ya sani, musanta wannan kisa ko ɗaga hannu irin gaisuwar Nazi laifi ne da kotu ke hukuntawa a Jamus, ko da da wasa ka yi.

Yadda Jamusawa suka tunkari wannan abin kunya shi ne darasin da ya fi kowane injin da suka ƙera, amma kada a yi zaton da yaƙi ya ƙare a 1945 sai kowa ya tuba. An yi shari'ar Nuremberg, an rataye wasu manya, sauran jama'a suka ja bakinsu suka shiga gina ƙasa. Alƙalai da malamai da jami'an da suka yi wa Hitila aiki da yawa sun koma kujerunsu. Hans Globke, wanda ya rubuta sharhin dokokin wariyar Yahudawa na 1935, shi ne ya riƙe ofishin shugaban gwamnati Adenauer daga 1953 zuwa 1963. Da babban mai gabatar da ƙara na jihar Hesse, Fritz Bauer, ya samu labarin inda Adolf Eichmann, jigo a kisan Yahudawa, yake ɓoye a Ajantina, Isra'ila ya tsegunta wa a asirce, don bai amince da hukumomin ƙasarsa ba. Shi ne ya dage har aka gurfanar da ma'aikatan sansanin Auschwitz kimanin ashirin a Frankfurt daga 1963 zuwa 1965, talakawa suka ji da kunnensu abin da aka yi. Sai ɗaliban 1968 suka juya wa iyayensu da tambayar da ba a so: baba, ina kake a lokacin, me ka yi? A wannan shekarar wata mata, Beate Klarsfeld, ta kwaɗa wa shugaban gwamnati Kiesinger mari a bainar jama'a saboda ya taɓa zama ɗan jam'iyyar Nazi. Da shugaban gwamnati Willy Brandt ya durƙusa a gaban abin tunawa da Yahudawan Warsaw a Disambar 1970, shi da ya tsere wa 'yan Nazi tun 1933, wani jin ra'ayi ya nuna waɗanda suka ce ya wuce gona da iri sun fi waɗanda suka ce ya yi daidai. Sai a 1985 shugaban ƙasa Richard von Weizsäcker ya tsaya a majalisa ya kira ranar da aka ci Jamus da yaƙi ranar 'yantarwa. Shekara arba'in ke nan.

Yau a tsakiyar Berlin, 'yan taku kaɗan daga majalisa, akwai fili mai tubalan kankare 2,711 da aka buɗe a 2005 don tunawa da Yahudawan da aka kashe. A ƙofar gidaje kuma za ka riƙa taka wasu 'yan allunan tagulla da ba su fi tafin hannu ba, aikin da Gunter Demnig ya faro, kowane ɗauke da sunan wanda aka fitar daga wannan gidan da abin da ya same shi. Sun haura 100,000 a faɗin Turai. Ana kai 'yan makaranta sansanonin su gani da idonsu. Ƙasashe da yawa sun gina hasumiyar tunawa da abin da aka yi musu. Kaɗan ne suka gina ta abin da suka yi wa wasu.

Ba ina haɗa laifin kowa da na 'yan Nazi ba ne. Amma mu ne muka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya wajen shekara goma kafin a dawo da shi. Yaro zai gama jami'a abin da ya sani game da kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 bai wuce abin da ya ji a gidansu ba, kuma kowane gida nasa mamatan kaɗai yake ƙirgawa. Zancen bauta a ƙasar Hausa kuwa sai a raɗa, ko a wajen neman aure in ana son ɓata shi. Laifi tudu ne. Wanda ya zauna Jamus ya ga yadda ake taka nasa a tsaya a kai, ya ga abin da ba a koyarwa a ajin injiniya.

To amma su ma suna da tudun da suka daɗe suna takawa ba su duba ba, kuma a nan ne ɗalibinmu ya tashi daga baƙo ya zama mai haƙƙi. A Berlin aka yi taron da ya tsara ƙa'idojin wawason Afirka, daga Nuwamban 1884 zuwa Fabrairun 1885, a ofishin Bismarck, ba ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Jamus ta riƙe Togo da Kamaru da ƙasar da yau ake kira Namibiya, da Tanganyika haɗe da Ruwanda da Burundi. A Namibiya, a Oktoban 1904, Janar Lothar von Trotha ya ba da umarnin a harbe duk wani ɗan ƙabilar Herero da aka gani, aka kora su hamada aka tsare rijiyoyi, waɗanda suka tsira aka zuba su a sansanoni. Ana ƙiyasta Herero kimanin 65,000 da Nama kimanin 10,000 ne suka halaka, aka kwashi ƙoƙunan kan wasu zuwa jami'o'in Jamus don binciken launin fata. Sai a Mayun 2021 gwamnatin Jamus ta amsa da bakinta cewa kisan ƙare dangi ne, ta yi tayin Yuro biliyan 1.1 cikin shekara talatin, kuma da sunan tallafin raya ƙasa, ta kauce wa kiransa diyya. Da yawa daga shugabannin Herero da Nama sun ƙi, sun ce ba da su aka zauna ba. Yarjejeniyar diyya da Isra'ila tun 1952 aka sa mata hannu. Haka a Tanzaniya, sai a 2023 shugaban ƙasa Steinmeier ya je Songea ya nemi gafara kan murƙushe tawayen Maji Maji na 1905 zuwa 1907.

Kada a ɗauka labarin can nesa ne. Da Ingilishi suka ci Yola a Satumban 1901, Lamiɗo Zubairu ya tsallaka gabas, Jamusawa suka tare shi a Garwa, suka sake karya rundunarsa a Marwa a Janairun 1902. Masarautar Adamawa ta rabu gida biyu, fadar a hannun Ingila, yawancin ƙasar a hannun Jamus. Dikwa da Bama da Gwoza da Mubi da tsaunin Mambila duk sun zauna ƙarƙashin tutar Jamus, kuma sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 suka zama Najeriya sosai. A dutsen Mora sojojin Jamus suka ƙi miƙa wuya har Fabrairun 1916, kuma waɗanda suka mutu a ɓangarorin biyu yawancinsu baƙaƙe ne. Gustav Nachtigal, wanda ya zo Kukawa a 1870 da kyautar sarkin Prussia ga Shehu Umar aka karɓe shi hannu bibbiyu, shi ne dai ya kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru a 1884. Wani dandali a unguwar Wedding ta Berlin ya daɗe da sunansa, sai a ƙarshen 2022, bayan dogon nacin baƙaƙen Jamus da magoya bayansu, aka canza shi zuwa Manga Bell.

Shi Rudolf Duala Manga Bell ɗan sarautar Duwala ne da ya yi karatu a kudancin Jamus yana yaro. Ya iya harshensu, ya san dokarsu. Da gwamnatin mulkin mallaka ta tashi ƙwace filayen mutanensa na bakin kogi, da yarjejeniyar 1884 da su Jamusawan suka sa wa hannu ya ƙalubalance su, ya aika koke har majalisar Berlin, 'yan majalisa suka yi muhawara a kai. Da suka rasa amsa sai suka tuhume shi da cin amanar ƙasa, suka rataye shi a Agustan 1914. Ilimin bai cece shi ba. Amma ya bar hujja a rubuce da harshensu, a cikin takardunsu, kuma ita ce jikoki suke ɗagawa yau.

Irin wannan hujjar ɗalibi yake buƙata a muhawarar da ke jiransa yanzu. Zai iske Jamus na tsaye bayan Isra'ila tsayin daka, ita ce ta biyu bayan Amurka wajen ba ta makamai, kuma tun 2008 shugabar gwamnati ta lokacin, Angela Merkel, ta faɗa a majalisar Isra'ila cewa tsaron ƙasar yana cikin ginshiƙan manufar Jamus. Wanda ya san 1933 zai gane inda wannan ya samo asali, ko da bai yarda da inda ya kai ba. Ni ban yarda ba. A ganina darasin da aka ce an koya daga Auschwitz, in bai shafi yaran Gaza ba, an taƙaita shi. Amma dubi yadda Namibiya ta faɗi wannan maganar a Janairun 2024, lokacin da Jamus ta ce za ta goyi bayan Isra'ila a ƙarar da Afirka ta Kudu ta kai Isra'ilar kotun duniya kan Gaza. Fadar shugaba Hage Geingob ba ta zagi kowa ba, ba ta musanta kisan Yahudawa ba, 1904 ta tuna wa Jamus. Wannan ya fi zafi.

Haka batun wariya. Tana nan. A Hanau a Fabrairun 2020 wani ɗan bindiga ya kashe mutum tara saboda asalinsu. A zaɓen Fabrairun 2025 jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi ta zo ta biyu da kusan kashi 21, kuma a jihohin gabas ita ce kan gaba. Mai zaɓar jami'a ya san da haka. Ya kuma san cewa gabas ɗin nan ce, a Leipzig, mutum kimanin 70,000 suka fito titi ranar 9 ga Oktoban 1989 ba su san ko za a buɗe musu wuta ba, wata guda kafin katangar Berlin ta faɗi, sannan bayan haɗewar 1990 masana'antunsu suka rufe, miliyoyi suka rasa aiki. Wannan ba uzuri ba ne ga mai zaginka a jirgi, amma yana nuna maka inda haushin ya fito da wanda ke amfani da shi. Kuma a farkon 2024 dubban ɗaruruwan Jamusawa ne suka cika tituna suna adawa da masu wannan ra'ayi.

Akwai wani bashi da nake ganin yana kanmu. Su sun daɗe suna karanta mu. Masanin falsafarsu Hegel ya koyar a Berlin cewa Afirka ba ta cikin tarihin duniya. Shekara ashirin da mutuwarsa, wani ɗan Hamburg da ya yi karatu a wannan jami'ar, Heinrich Barth, ya shigo Kano a Fabrairun 1851 yana amsa sunan Abdulkarim. Aikin gwamnatin Ingila ya kawo shi, neman hanyar ciniki, ba waliyyi ba ne. Amma ya zo da Larabci, ya koyi Hausa da Barbarci da Fulatanci, ya zauna da malamai, ya rubuta farashin kaya a kasuwa, da marina, da hanyoyin fatake, da sunayen garuruwa daga Agadas zuwa Kukawa zuwa Tumbutu. A Gwandu ya samu littafin Tarikh al-Sudan ya kwafi abin da ya iya, ya kai wa Turai shaidar cewa mutanen nan suna rubuta tarihinsu. Mujalladi biyar ya wallafa. Da zai koma ya tafi da wani yaro Bahaushe daga yankin Damagaram mai suna Dorugu, kuma daga bakin Dorugu wani Bajamushen, J. F. Schön, ya ɗebi yawancin Hausar da ya zuba a littattafansa, har da Magana Hausa na 1885. A Kete Krachi, cikin Togo ta Jamus, Imam Umaru haifaffen Kano ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich tarihi da al'adun Hausawa da ajami, shi kuma ya fitar da ƙamus a 1906. An buɗe cibiyar nazarin mulkin mallaka a Hamburg a 1908, kuma daga nan zuwa Leipzig da Frankfurt da Cologne da Bayreuth, Jamusawa sun yi ta koyon Hausa suna rubuta nahawunta.

Mu kuma wa muka aika ya karance su? Takardun ma'aikatar mulkin mallaka ta Jamus suna nan a ma'ajiyar tarayya da ke unguwar Lichterfelde a Berlin, wasu kuma a ma'ajiyar ƙasa ta Yawunde. A ciki akwai rahotannin jami'an da suka zauna Garwa da Dikwa, da batun haraji da naɗin sarauta da shata iyaka, abubuwan da har yau ake jayayya a kansu a fadoji. Da Jamusanci aka rubuta su, yawanci da tsohon salon rubutun hannu da ko Bajamushen yau sai an koya masa. Da Jamus ta amince a 2022 ta mayar wa Najeriya mallakar kayan tarihin Benin sama da 1,100, an samu hakan ne don akwai waɗanda suka san abin da ke cikin rumbunan gidajen tarihin da yadda ya shiga. Kayan Adamawa da Borno da rubuce-rubucen ajami da suka tsallaka can su ma suna buƙatar masu bin sawunsu.

A Ibadan da Ife da Nsukka ana yin digirin Jamusanci. A Kamaru tun daga sakandare ake koyar da shi, har a Garwa da Marwa, shi ya sa 'yan Kamaru suke cikin ɗaliban Afirka mafi yawa a jami'o'in Jamus. Hukumomin ba da tallafin karatu na jihohinmu kuwa likita da injiniya suka fi sani. A cikin kowane ashirin da za su tura waje, su ware biyu su ce tarihi da harshe za ku karanta, su biya musu shekarar koyon Jamusanci tukuna. Borno da Adamawa da Taraba ya kamata su fara.